Tsakanin Alƙalami da Tabarmar Yoga

A watan Janairun 2024 kamfanin Condé Nast na Amurka ya sanar da cewa zai cusa Pitchfork a ƙarƙashin mujallar GQ, ya kuma sallami ma'aikata da dama, har da babbar editar shafin, Puja Patel. Ga wanda bai san Pitchfork ba, shafi ne na intanet da wani matashi mai suna Ryan Schreiber ya kafa a Minneapolis a tsakiyar shekarun 1990. Aikinsa shi ne a saurari sabon kundin waƙoƙi, a yi masa sharhi mai tsawo, a ba shi maki daga sifili zuwa goma. An yi zamanin da makin nan yake ɗaga mawaƙi ko ya kwantar da shi. Ƙungiyar Arcade Fire ta Kanada ta samu 9.7 a kan kundinta na farko, Funeral, a 2004, kuma daga nan sunanta ya tsallaka iyaka. Shekara ashirin bayan haka, shafin da ya yi wannan tashe ya koma reshe a mujallar da aka fi sani da kwalliyar maza.

Ba shi kaɗai abin ya shafa ba. Jaridar waƙa ta NME ta Landan, wadda aka fara bugawa a 1952, ta koma rabon kyauta a 2015, sannan ta daina fitowa mako-mako a takarda a watan Maris na 2018. Mujallar waƙa ta Q ta rufe a Yulin 2020 bayan shekara 34. An rufe sashen labarai na MTV a Mayun 2023, bayan shekara guda kuma aka sauke tsoffin labaransa daga intanet, aikin mutane na shekaru masu yawa ya ɓace wa masu karatu dare ɗaya. A Oktoban 2023 Bandcamp, kasuwar da ƙananan mawaƙa ke sayar da waƙoƙinsu kai tsaye ga masu sauraro, ta canza hannu, kusan rabin ma'aikatanta suka rasa aiki.

Dalilin durƙushewar a fili yake. Kuɗin talla, wanda shi ke riƙe da kowace mujalla, ya koma aljihun Google da Facebook. Sannan buƙatar da ta haifi mai sharhin waƙa tun farko ta ja baya. A da, matashi a Manchester ko Chicago kuɗin faifai ɗaya yake da shi a mako, dole ya karanta abin da masu kunne suka ce kafin ya zaro kuɗinsa. Tun da Spotify ta fito a 2008, da sauran manhajoji irinta, kuɗin wata ɗaya yana buɗe wa mutum miliyoyin waƙoƙi, kuma na'ura ce ke lura da abin da ya saurara jiya ta jero masa na yau. Mawaƙin da a da sai ya zauna da ɗan jarida kafin maganarsa ta isa ga masoyansa, yanzu wayarsa ta wadatar da shi. Har gobe ana rubutu a kan waƙa, wasu ma suna yi da kyau fiye da na da. Kujerar ofis da albashin ƙarshen wata su ne suka tafi.

Waɗanda aka sallama sun watsu. Wasu sun koma yi wa kamfanonin waƙa aikin hulɗa da jama'a, suka tashi daga masu tambaya suka zama masu shirya amsa. Wasu sun shiga manhajojin sauraro suna tsara jerin waƙoƙi. Wasu sun buɗe wasiƙar kansu a Substack, mai karatu yana biyan 'yan daloli a wata. Akwai kuma hanyar da ta fi jan hankalina, ta mutumin da bai ajiye alƙalami ko makirufo ba amma ya shimfiɗa tabarmar yoga a gefe. Da sassafe yana gaban ɗalibai yana koya musu ja da sauke numfashi, da rana yana hira da mawaƙi ta waya, da dare yana zauren kiɗa. Ina ganin wannan haɗi yana da ma'ana, yana ma iya zama alheri ga aikin jarida, amma bisa sharaɗi ɗaya: sana'a ta biyu ta 'yantar da ta farko. In ta haɗiye ta, an yi asara biyu.

Yoga tsari ne na horar da jiki da numfashi da tunani. Asalinta Indiya, kuma saiwarta tana cikin addinan can da falsafarsu. Irin wadda duniya ta sani a yau, ta miƙe gaɓoɓi da tsayawa a siffofi daban-daban a kan tabarma, ta yaɗu ne galibi ta hannun almajiran wani malami, Krishnamacharya, wanda ya koyar a ƙarƙashin sarkin Mysore a shekarun 1930. A Disambar 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya, bisa shawarar Indiya, ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga ta duniya.

Alaƙarta da makaɗa tsohuwa ce, domin suna cikin waɗanda suka buɗe mata ƙofa a ƙasashen Turawa. A 1952 Yehudi Menuhin, ɗaya daga cikin fitattun masu gogen Turawa na ƙarnin da ya wuce, ya haɗu da B.K.S. Iyengar, almajirin Krishnamacharya, a birnin Bombay. Menuhin yana ɗauke da gajiya da ɗaurewar jiki irin ta wanda tun yana yaro yake maƙale goge tsakanin haɓa da kafaɗa. Abin da ya samu a hannun Iyengar ya sa ya gayyato shi Turai, kuma shi ya rubuta gabatarwar littafinsa, Light on Yoga, wanda ya fito a 1966, littafin da har yau malaman yoga ke komawa gare shi. A Fabrairun 1968 mawaƙan Beatles suka tafi Rishikesh a Indiya koyon zaman natsuwa a wurin Maharishi Mahesh Yogi, 'yan jarida suka bi su da kyamarori. A Agustan 1969 wani malamin yoga, Swami Satchidananda, ya yi jawabin buɗe bikin kiɗan Woodstock. Alice Coltrane, makaɗiyar jazz kuma matar John Coltrane, ta janye daga kasuwar faifai tsawon shekaru ta kafa cibiyar ibada da koyarwa a Kalifoniya.

A zamaninmu alaƙar ta koma kasuwanci sosai. A 2009 aka fara bikin Wanderlust a tsaunukan da ke kusa da tafkin Tahoe a Amurka, yoga da rana, kiɗa da dare. Mutum uku suka kafa shi: Jeff Krasno da Sean Hoess, waɗanda suka fito daga harkar kamfanin waƙa a New York, da Schuyler Grant, malamar yoga. Neal Pollack, marubucin Amurka da ya rubuta ƙagaggen labari a kan duniyar masu sharhin kiɗan rock a 2003, ya fitar da Stretch a 2010, labarin yadda ya shiga yoga, daga baya kuma ya zama mai shaidar koyar da ita. A Birtaniya, Fearne Cotton ta gabatar da Top of the Pops a talabijin, ta riƙe shirin hantsi a BBC Radio 1 har 2015, sannan ta karkata ga littattafai da shirin sauti na Happy Place da ta fara a 2018 a kan lafiyar zuciya da kwanciyar hankali. Cikin littattafanta har da na yoga don yara. Hanyoyin mutanen nan sun bambanta, amma dukkansu sun nuna cewa tazarar da ke tsakanin ɗakin shirye-shirye da ɗakin yoga gajeriya ce.

Me ya sa ta zama gajeriya? Na farko, aikin yaɗa waƙa yana cin jiki. Kwana a zauren kiɗa kusa da manyan lasifikoki, ƙarar kunne da ba ta ɗaukewa, giya da ake miƙa wa mutum kyauta a kowane taro, sannan zaman sa'o'i a gaban kwamfuta ana tseren miƙa rubutu kafin wa'adi. Mai irin wannan rayuwa ciwon baya ko rashin barci ne yakan fara kai shi ajin yoga a matsayin ɗalibi. Na biyu, kayan aikin da ya riga ya mallaka suna da amfani a can. Mai gabatar da shiri a rediyo ya san lokacin magana da lokacin yin shiru, ya san yadda ake sarrafa murya ta kai ƙarshen ɗaki ba tare da ihu ba, ya san yadda ake gina awa guda ta fara a hankali, ta ɗau zafi, ta sauka. Ajin yoga na awa guda haka yake tafiya. Mai sharhi kuma an horar da shi ya saurara da kyau, ya ji abin da kunnen gama-gari zai wuce, kuma malamin da ke jin canjin numfashin ɗalibi daga nesa ya fi wanda ke kallon kansa a madubi. A yawancin gidajen yoga na Amurka da Birtaniya ana saka kiɗa a lokacin aji, har ɗalibai kan bi wani malami saboda zaɓin waƙoƙinsa. Wanda ya fito daga harkar waƙa ya kuma san abin da malamai da yawa ba su damu da shi ba, cewa saka waƙar wani a wurin da ake karɓar kuɗi yana buƙatar lasisi. Kamfanin Peloton, mai sayar da darussan motsa jiki ta intanet, ya koyi wannan a kotu lokacin da masu haƙƙin waƙoƙi suka maka shi a 2019 suna neman dala miliyan 150, daga baya suka ninka, aka sasanta a farkon 2020.

Duk wannan dacewa ce ta ƙwarewa. Hujjar da ta fi nauyi a wurina ta 'yanci ce. Tun da aka fara yaɗa waƙa ta rediyo da jarida sana'ar take fama da ciwo guda: mai waƙa yana da dalilin saye mai yaɗawa, mai yaɗawa kuma yawanci yana cikin buƙata. Alan Freed, mai gabatar da shiri da ya taimaka ƙwarai wajen yaɗa kiɗan rock and roll, ya rasa aikinsa a 1959 cikin badaƙalar karɓar kuɗi daga kamfanonin faifai, a 1960 kuma majalisar dokokin Amurka ta gyara doka ta wajabta bayyana irin wannan biya ga masu sauraro. Dokar ba ta kashe ɗabi'ar ba. A 2005 babban lauyan jihar New York, Eliot Spitzer, ya binciki kamfanin Sony BMG a kan hakan, kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 10. A yau abin ya fi laushi, shi ya sa ya fi wuyar kamawa. Tikitin kyauta ne, da kujerar jirgi zuwa wani biki, da alkawarin hira da tauraro idan rubutun baya bai ɓata masa rai ba. Marubucin da ba shi da albashi, wanda ake biya kuɗi kaɗan a kan kowane sharhi, kuɗin ma sai an ja masa rai kafin su fito, da me zai ƙi? Idan ya rubuta cewa kundin wani babban mawaƙi bai yi armashi ba, ofishin mawaƙin ya rufe masa ƙofa, rundunar masoya ta bi shi da zagi a intanet, editan da ya saye rubutun kuma ba lallai ya tsaya masa ba tunda ba ma'aikacinsa ba ne.

A nan ne tabarmar take da daraja. Wanda kuɗin hayarsa ke fitowa daga ajin ƙarfe shida na safe yana iya cewa a'a. Ɗalibansa ma'aikatan jinya ne, da direbobi, da tsofaffi masu ciwon gwiwa, babu ruwansu da wane kundi ya yaba ko ya kushe. Wannan shi ne ma'aunin da nake auna kowace sana'a ta biyu da shi ga ɗan jarida: shin abokan cinikinta su ne mutanen da yake rubutu a kansu? In su ne, ta ɗaure shi. In ba su ba ne, ta sake shi. Marubucin waƙa da ke rubuta wa kamfanin faifai takardar talla da rana ya faɗi wannan jarrabawa komai tsarkin niyyarsa. Wanda ke koyar da yoga ya ci ta.

Sai dai kuma wanda ya ɗauka cewa koyar da yoga mafaka ce mai rufin kwano bai leƙa cikin kasuwar ba. Ƙungiyar Yoga Alliance, wadda aka kafa a Amurka a 1999, ita ta yaɗa ma'aunin horon awa 200 da ake ɗauka a matsayin matakin farko na zama malami. Rajista take yi, ba hukuma ce mai ba da lasisi ba, kuma ana iya kammala awa 200 ɗin nan cikin wata guda idan an matsa. Kuɗin horon dubban daloli ne, shi ya sa gidajen yoga da yawa suka dogara da shi fiye da kuɗin da ɗalibai ke biya na aji. Sakamakon haka kowace shekara ana yaye sababbin malamai fiye da azuzuwan da ke akwai. Yawancinsu ba su da albashi. Kuɗin aji ake biyan su, wani lokaci gwargwadon kawunan da suka zo, babu hutun rashin lafiya, babu fansho, lokacin shirya darasi da na zirga-zirga tsakanin wannan gida da wancan kuma ba a lissafa shi. A ƙarshen 2019 malaman kamfanin YogaWorks a New York suka kaɗa ƙuri'ar shiga ƙungiyar ƙwadago, abin da ba a saba gani ba a sana'ar. Bayan 'yan watanni annobar korona ta sauka, kamfanin ya rufe rassansa na New York, a Oktoban 2020 kuma ya kai takardar karyewa kotu. A daidai lokacin ne miliyoyin mutane suka gano cewa za su iya shimfiɗa tabarma a ɗakinsu su bi Adriene Mishler ta Texas, wadda ta fara saka darussa kyauta a YouTube a 2012, yanzu kuma masu binta sun haura miliyan 10. Abin da intanet ya yi wa mai sharhin waƙa shi ya zo ya yi wa malamin yoga na unguwa: kaya kyauta, tauraro ɗaya a sama, dubbai a ƙasa suna rabon abin da ya rage. Wanda ya bar jarida gaba ɗaya ya dogara da wannan, gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago.

Akwai ma cikas na agogo da masu yabon wannan haɗi ba sa ambata. Wasan kiɗa yakan tashi bayan tsakar dare, sharhinsa ana son sa da safe, ajin da ya fi cika kuwa shi ne na kafin mutane su tafi aiki. Jiki ɗaya ne zai yi duka. Wanda ya daɗe a kan hanyar dole ya zaɓi dare nawa zai ba zauren kiɗa a mako, kuma kowane zaɓi yana rage wani abu daga ɗaya ɓangaren.

Haɗarin da ya fi damuna duk da haka yana cikin kai ne. Duniyar yoga ta kasuwa tana da harshenta, na yarda da komai, da guje wa hukunci, da ganin alheri a kowane abu. A kan tabarma wannan yana da amfani, domin ɗalibin da ya kasa taɓa yatsun ƙafarsa ba ya buƙatar maki. Amma aikin mai sharhi hukunci ne. An ɗauke shi ne don ya ce wannan waƙa ta fi waccan, ga dalili, ya ce wannan mawaƙi ya maimaita kansa, wancan ya ɗauki karin wani bai faɗa ba. Idan harshen tabarma ya malalo cikin rubutu, sai kowane kundi ya zama mai warkarwa, kowane mawaƙi ya zama jarumi don kawai ya buɗe zuciyarsa, mai karatu ya gama karantawa bai san ko ya saurara ko ya bari ba. Manhajojin sauraro ma sun riga sun cika da jerin waƙoƙin barci, da na natsuwa, da na karatu, inda ake ɗaukar kiɗa a matsayin abin da ke gyara yanayin ɗaki, sunan wanda ya yi shi ba ya da muhimmanci. Mai sharhi ya kamata ya zama mai ja da wannan, ya tuna wa mutane cewa akwai waƙar da aka yi don ta tayar da hankali, ta hana barci, ta sa a yi tambaya. Idan shi ma ya koma mai tsara jerin waƙoƙin shaƙatawa, wa ya rage?

Abin yakan ƙara lalacewa idan aka narkar da sana'o'in biyu suka zama tallar mutum ɗaya a Instagram: hoto da tauraro yau, hoto a kan tabarma gobe, jibi tallar wando da ruwan sha. A wannan matakin 'yancin da na yaba ya tafi, domin mutumin ya koma buƙatar taurari don su ƙara masa mabiya, mabiyan kuma su cika masa aji. Abokan cinikin sana'a ta biyu sun koma rataye da mutanen sana'a ta farko ta bayan gida. Rabuwar ita ce amfanin, don haka a bar kowace a ɗakinta.

Ita ma yoga tana da haƙƙi a kan mai koyar da ita, kuma ban yarda a ɗauke ta a matsayin abin cike giɓi ba. Sharhi marar kyau yana ɓata wa mutum awa ɗaya. Darasi marar kyau yana iya ɓata masa wuya ko ƙugu na shekaru. A Janairun 2012 William Broad, marubucin kimiyya na New York Times, ya wallafa dogon rubutu a kan raunukan da yoga ke jawowa idan an yi ta ba bisa ƙa'ida ba, rubutun ya tayar da ƙura sosai a tsakanin malamai. Ko wanda ya ga ya zuzuta ba zai musa tushen maganar ba. Tsayuwa a kan kai ba ta dace da mai hawan jini ko mai ciwon hawan ruwan ido ba. Mace mai juna biyu tana da siffofin da za ta kauce wa. Tsoho mai raunin ƙashi ba a danna masa baya. Awa 200 ba ta isa a san wannan duka ba, kuma murya mai daɗi da jerin waƙoƙi masu kyau suna iya rufe jahilcin malami har sai wani ya ji ciwo. Ɗan jaridar da zai ji haushi idan wanda bai taɓa sauraron John Coltrane ba ya rubuta tarihin jazz, to ya ji irin wannan haushin a kan kansa idan ya tsaya gaban jikunan mutane da karatun wata guda.

Maganar asali ma ba a tsallake ta, musamman a gaban mai karatu Musulmi. A Nuwamban 2008 majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta hana Musulmi yoga saboda abin da ke cikinta na ibadar Hindu. A Janairun 2009 majalisar malaman Indonesiya ta hana nau'in da ke ɗauke da karanta kalmomin ibada, ta bar wanda motsa jiki ne zalla. Saudiyya ta amince da ita a matsayin wasan motsa jiki a 2017, kuma Nouf Marwaai, wadda ta yi fafutukar hakan, ta karɓi lambar yabo ta Padma Shri daga Indiya a 2018. Ta ɗaya gefen kuma, ƙungiyar Hindu American Foundation ta daɗe tana kukan cewa gidajen yoga na Amurka sun tuɓe wa yoga asalinta suna sayar da ita kamar ba ta da iyaye. Hukuncin addini na malamai ne, mai karatu ya san inda zai kai tambayarsa. Abin da ya rataya a wuyan mai koyarwa shi ne gaskiya: ya faɗa wa ɗalibi tun kafin ya biya kuɗi ko akwai karatu a ajin, ko akwai jerin motsin da ake kira gaisuwar rana, da inda kowane abu ya samo asali, domin mutum ya shiga ko ya fasa da saninsa. A nan ma ɗan jaridar waƙa yana da horo a hannu, tunda rabin aikinsa bin sawun aro ne, wa ya ɗauki me daga wa, kamar yadda rock ya ɗebo daga blues na baƙaƙen fatar Amurka aka daɗe ba a ambaci masu shi ba.

Ba ina kiran masu gabatar da shirin waƙa a Kano ko Kaduna ko Maraɗi su je neman shaidar yoga ba. Amma ciwon da ya kai takwarorinsu na Landan da New York ga tabarma mun san shi, mu ma tun kafin su. Mai shiri a gidan rediyo da aka ce masa ya nemo talla ya ci kaso a madadin albashi, shi ma yana da sana'a ta biyu, sai dai sau da yawa ita ce ta jagorantar taron biki tare da mawaƙan da yake saka waƙoƙinsu, ko ma kula da harkokin ɗaya daga cikinsu. Irin wannan ba zai taɓa iya cewa waƙar ubangidansa ba ta yi ba. A gefe guda, a duba inda rubutu mai nauyi a kan kiɗan Hausa ya fito. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da mawaƙan Hausa yana malamin Jami'ar Bayero. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya bi sawun yadda karin waƙoƙin finafinan Indiya ya shigo waƙoƙinmu, shi ma daga jami'a. Ibrahim Sheme, wanda ya kafa mujallar Fim a 1999, ya haɗa hannu da abokan aikinsa suka rubuta tarihin Mamman Shata alhali yana aikin jarida a manyan gidaje. Abincin mutanen nan bai rataya a hannun waɗanda suke nazari ba, kuma hakan ya fito a ingancin aikin. Koyarwa a makaranta, ɗinki, gyaran waya, noma, horar da 'yan ƙwallo, duk suna iya yi wa mai sharhi abin da tabarma ke yi wa na can.

Duk da haka ba na son a fake da wannan a wanke masu gidajen yaɗa labarai. Ɗan jaridar da ke koyar da aji takwas a mako ba zai iya shafe wata shida yana binciken yadda kamfani ke danne haƙƙin mawaƙa ba, ba zai iya ɗaukar lauya idan an yi masa barazanar kotu ba, ba shi da editan da zai gyara shi ya raine shi. Waɗannan sai gida mai biyan albashi. Sana'a ta biyu tana tsare mutuncin mutum ɗaya, amma ba ta adana tarihi, kuma abin da ya sami taskar MTV ya nuna yadda aikin zamani guda ke shafewa idan babu mai jin nauyinsa.

Ga matashin da ke tunanin bin wannan hanya, kafin ka biya kuɗin horo ka tambayi gidan da zai horar da kai nawa yake biyan malami a kan aji ɗaya, da mutum nawa cikin waɗanda ya yaye bara suke da aji a yau. Ka nemi malamin da za ka zauna a ƙarƙashinsa shekaru bayan takardar shaida. Kada ka rubuta sharhi a kan mawaƙin da ke zuwa ajinka. Mu kuma masu karatu da sauraro, duk wanda yake da marubuci ko mai shirin da ya amince da kunnensa, ya sayi mujallarsa ko ya biya kuɗin wasiƙarsa a wannan wata.